Shekarar da Na Rufe Rijiyar Masauki

Tun kuna ƙanana kuke jin ana kirana Hajiya Guga a bayan idona, kuma na san bayanin da aka yi muku. An ce muku rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. An ce kakanku ya haƙa rijiya mai albarka, ubanku ya riƙe ta da mutunci, ni kuma da gida ya faɗo hannuna sai na toshe ta da siminti don taurin kai, na kori baƙin da suka shekara talatin suna sauka wurinmu. Na daɗe ina jin wannan magana ina haɗiyewa, saboda wanda ya fara yaɗa ta wan ubanku ne, Baba Alhaji, ni kuwa ba a koya mini ja-in-ja da babba ba. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Makon jiya kuma sai ga ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta zauna a kan tabarmata, tana shan shayina, tana ce mini wai da ban taɓa rijiyar nan ba da yanzu gidanmu ya zama otel mai bene. To, na gaji. Ku karanta.

Kakanku ɗan kasuwar goro ne da ya taso daga ƙasar Zariya, ya zo Garwa, ruwan Binuwai ya riƙe shi bai koma ba. Shi ya gina ɗakuna goma sha biyu a kusa da kasuwar shanu, ya haƙa rijiya a tsakar gida. Ruwanta yana da sanyi da garɗi, wannan ba zan musa ba. Masu shanu daga Gidar, daga Ngawundere, har daga Marwa, kowa ya sauka sai ya ce a kai shi Gidan Rijiya. Aikin mai masauki a wancan lokaci ba ba da ɗaki kaɗai ba ne. Shi ke ciyar da baƙo, shi ke ajiye masa kayansa, shi ke tsaya masa shaida a kasuwa in an yi ciniki. Da ubanku ya rasu sai aikin ya rabu biyu. Baba Alhaji ya ɗauki tsayuwar kasuwa da zaman zaure da karɓar gaisuwa. Ni na ɗauki tuwo, shara, wankin tabarmi, cika randuna, da jin ƙorafin wanda sauro ya ciza. Mai taimaka mini ita ce Dudu, wata Bafillatana da ta girme ni da shekara goma, wadda ta yi rabin rayuwarta a madafin gidan nan amma ba ta taɓa yarda ta yi jimlar Hausa guda ba tare da ta ƙarasa ta da Fillanci ba.

Da rani kafin shekarar da nake ba ku labari, tsohon masai ya cika. Baba Alhaji ya sa aka haƙa sabo. Wurin da ya dace shi ne can ƙuryar gida ta yamma, amma yana so ya ƙara ɗaki a wurin, saboda haka ya sa aka haƙa shi a bayan madafi, taku goma sha ɗaya daga bakin rijiya. Na san adadin don ni na taka da ƙafata.

"Yaya, wannan bai yi kusa da ruwan sha ba?"

"Zuwaira, ke ce kika san ƙasa ko masu haƙa? Je ki duba miyarki."

Na je na duba miyata. Ku lura da wannan, domin haka na yi ta duba miya har abin ya kai inda ya kai.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Ana saura kwana goma Babbar Salla aka yi ruwan da ya wuni yana zuba, tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya kwanta daga bayan madafi har gindin rijiya. Gida kuwa cike yake maƙil, kowane ɗaki mutum uku ko huɗu, har zaure an shimfiɗa tabarmi, domin makon cinikin layya shi ne makon da duk mai masauki yake jira. Da safe Dudu ta ja guga, ta kalli ruwan, ta shinshina, ta kalle ni. Sai ta zuba shi a tukunya ta ɗora a wuta. Ni da ita da ku yara, ruwan tukunyar nan muka sha daga ranar. Randunan baƙi kuwa aka cika su kamar kullum, saboda wa zai dafa wa mutum hamsin ruwan sha da itacen da ruwa ya jiƙa?

Kwana biyu bayan haka wasu samari biyu masu kora shanu daga Gidar suka kwanta da amai da gudawa. Na je zaure na durƙusa na gaya wa Baba Alhaji. Ya ce nono suka sha a kasuwa, kowa ya san yaran Gidar da kwaɗayi. Washegari mutum uku suka ƙaru, cikinsu har da wani dattijo da ko ƙamshin nono ba ya so. Na koma zaure. A wannan karon ya ce baki ne, masu masaukin da ke hassadar cikar gidanmu ne suka sa mana ido. Ya aika aka yi rubutu allo bakwai. Ni ban taɓa raina rubutu ba, na sha shi tun ina yarinya, na kuma ba ku. Amma da wane ruwa aka wanke allunan? Da ruwan rijiyar! Ina tsaye ina kallo aka ja guga, aka wanke, aka bi ɗaki ɗaki ana ba masu lafiya da marasa lafiya. Dudu ta riƙe baki ta shige madafi tana ta salati.

A wannan rana ce Malam Iro ya sauka. Mutumin Ngawundere ne, dogo, mai sanyin magana, abokin ubanku tun suna samari. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo muku zuma a kwalba, wasunku za su tuna shi. Ya shigo zaure da la'asar a gajiye, Baba Alhaji na zaune da manyan baƙi, aka aika a kira ni in gaishe shi.

"Zuwaira, kawo wa Malam ruwan gida. Ya yi kewarsa."

"Yaya, akwai shayi a wuta, bari in kawo masa."

"Shayi daga baya. Baƙo ya sauka a Gidan Rijiya a tare shi da shayi? Ko kina so mutane su ce wani abu ya sami ruwanmu ne?"

Idanun duk zauren suka dawo kaina. Malam Iro ya yi murmushi ya ce ai tun daga hanya yake tunanin ruwan nan. Na tashi na je randa, na ɗebo a kwanon sha, na kawo da hannuna biyu. Ya sha ya shanye, ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Wannan ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba. Ina zargin ruwan, na hana 'ya'yana shi, amma na miƙa wa abokin ubanku saboda ina jin kunyar mutum shida da ke zaune a kan buzu.

Bai yi kwana biyu ba ya kwanta. Nasa ya fi na kowa tsanani, kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Na ce a kai shi lopital, wato asibiti kamar yadda muke cewa a nan. Baba Alhaji ya tare ƙofar zaure da jikinsa.

"Kin san abin da kike faɗa? In suka ji an fito da mai gudawa daga gidan nan, yau ɗin nan za su rufe shi. Saura kwana biyar Salla. Mutanen nan ina za su kai shanunsu? Wa zai tsaya musu?"

"Yaya, mutum zai mutu."

"Rai na Allah ne. A ba shi jiƙo."

"An ba shi, ba ya zama."

"To a ƙara. Ke mace ce, ba ki san abin da ake kira sunan gida ba."

Ni ban san sunan gida ba! Ni da ke tashi kafin kiran assalatu in hura wutar da sunan gidan ke ci. Na juya na fita ta ƙofar baya da mayafina, na taka cikin taɓo har bakin titi, na tsayar da wata mota mai ɗaukar buhunan masara. Ni da Dudu da direban muka ɗauko Malam Iro a cikin tabarma muka bi da shi ta ƙofar baya, Baba Alhaji na zaure yana ba baƙi labarin yadda ubansa ya ga wurin rijiyar a mafarki.

A lopital wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, gajeriya, mai faɗa, ba Hausa a bakinta sai Faransanci da Fillanci. Ta sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu, sannan ta juyo kaina. Dudu ke fassara abin da ya wuce ni. Mutum nawa ne a gidan? Nawa suka kwanta? Tun yaushe? Da na ce yau kwana uku ke nan da fara ciwon a gidan, sai ta ajiye alƙalaminta ta kalle ni, kallon da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Malam Iro ya cika bayan la'asar. Sauran marasa lafiyan gidan, da suka kai bakwai, an kwaso su daga baya, duk sun tashi, har da samarin Gidar da aka ce kwaɗayi ne.

Washegari mutanen meri, ofishin hukumar gari, suka zo da farin kaya da abin feshi. Suka fitar da baƙi, suka feshe ɗakuna, suka zuba magani a rijiya, suka ce kada wanda ya sha har sai sun dawo, gida kuma a rufe na mako uku. Baba Alhaji ya tsaya a ƙofa yana ba kowane baƙo haƙuri, yana nuna cikin gida da haɓa yana cewa aikin mata ne, shi ba da saninsa aka kira hukuma ba. Ko a jana'izar Malam Iro bai kalli inda nake ba. A makabarta, an gaya mini, cewa ya yi ƙarin ruwan Nasara ne ya ƙarasa shi.

Ku kuna tsammani daga nan mutane za su ji tsoro, ko? Allah ya ba ku haƙuri. Tun ba a kwana biyu ba maƙwabta suka fara shigowa da bokiti. Wannan ta ce jaririnta ba ya shan wani ruwa sai wannan. Wancan ya ce alwala kawai zai yi, sai in gan shi yana kurɓa. Wata tsohuwa ta ce mini ita ta sha ruwan nan shekara arba'in bai kashe ta ba, ba 'yar da aka auro jiya ce za ta hana ta ba, ni da ke da 'ya'ya shida a gidan. Na sa kafinta ya yi murfin katako, na sa kwaɗo, na ɗaura makullin a bakin zanena. Ranar Salla da hantsi, ina dawowa daga gaisuwa, na tarar da kwaɗon a ƙasa an fasa shi da guduma, Baba Alhaji na tsaye da babbar riga, jikokinsa biyu na jan guga za a kai gidansa a wanke kayan cikin rago.

"Yaya, yaran nan fa?"

"Rijiyar ubana ce. Ba a sa mata kwaɗo ina raye."

Na karɓe bokitin daga hannun yarinyar na kifar a ƙasa. Wannan ne karo na farko da na yi abu a gabansa ba tare da na durƙusa ba.

Na kwana uku ina juya abin. Mutanen meri ba su ce a kashe rijiyar ba, gaskiya ita ce wannan, kuma a nan ne masu zagina suke da abin riƙewa. Cewa suka yi a cike masan, a haƙa wani nesa, a jira, a sake gwada ruwan. Na kai wa Baba Alhaji wannan magana ta bakin limamin unguwa. Amsar da ya aiko ita ce masai na nan inda yake, domin matsar da shi daidai yake da amsa cewa shi ya yi kuskure. To, ku gaya mini. Masai ba zai matsa ba, kwaɗo ba ya tsayawa, maƙwabta ba sa ji, damina kuma da sauranta. Ranar kasuwa, da na tabbata Baba Alhaji yana can wajen shanu, na kira magini. Na sayar da awarwarona biyu na aure na sayi siminti da rodi. Kafin azahar an shafe bakin rijiyar kakanku, Dudu na zaune a gefe tana kuka tana kuma miƙa wa maginin ruwan kwaɓi.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da ba ku fahimta ba. Aka tara dangi a zaure, maza goma sha, ni kaɗai mace a bakin ƙofa. Aka ce na ci amanar mamaci. Aka ce na raba marayu da gadonsu. Wani ƙanen kakarku da bai taɓa kawo muku ko ƙwayar gero ba tun rasuwar ubanku ya yi ta buga sanda yana cewa a fasa simintin. Na ce duk wanda zai fasa ya fasa, amma ya sani zan koma meri da ƙafata in faɗi sunansa. Ba wanda ya fasa. Sai dai Baba Alhaji ya kwashe masu shanu gaba ɗaya ya kai su wani masauki a ƙetaren kasuwa, ya ci gaba da tsaya musu a can. Da aka buɗe gidanmu bayan mako uku, ɗaki goma sha biyu, ba ko mutum ɗaya. Sallar da ta biyo ba a aiko muku da ɗinki daga gidansa ba, kuma bikin 'yarsa a bakin maƙwabta na ji shi. Babbanku ya bar lakwal, wato makaranta, shekara guda yana tura ruwan famfo a kura daga bakin titi, domin sai da aka shekara kafin na iya jawo famfo cikin gida. Wannan shekarar da ya rasa ita ce abin da ya fi ci mini rai cikin duk abin da aka yi mana, kuma bai taɓa yi mini gorinta ba.

Mai faɗan nan ta lopital ce ta tsamo mu, ita da ko sunana ba ta iya faɗa daidai. Mutanen ƙauye da ke kawo marasa lafiya ba su da wurin kwana, suna zube a gindin bishiya. Ta fara turo su wurina. Daga baya matan da ke sarin busasshen kifi suka gano gidan, sai direbobin manyan motoci masu tahowa daga Ngawundere. Ba su da kwarjinin masu shanu, ba sa yanka rago in ciniki ya yi kyau, amma da tuwon da na tuƙa musu kuka yi karatu, da shi aka aurar da ku.

Shi kuwa Baba Alhaji, bayan shekara biyu ciwon ya shiga unguwarsu. Kwana uku da jin haka ya kira magini, maginin nan dai nawa, ya shafe rijiyar gidansa ya ja famfo. Ya zauna a ƙofar masallaci yana gaya wa mutane cewa shi tun da can yake faɗa, rijiya da masai ba sa maƙwabtaka. Har yabonsa aka yi a kan hangen nesa. Da Dudu ta kawo mini labarin ina tankaɗe, sai da na ajiye rariyar na yi dariya har hawaye, don in ban yi dariya ba zan fasa wani abu. Ni kuwa sunan Guga bai bar ni ba. Ya zo gidan nan sau da yawa bayan haka, ya ci tuwona, ya sha ruwan famfona, na yi jinyarsa a ɗakin kusa da zaure watanninsa na ƙarshe. Ban taɓa jin kalma ɗaya daga bakinsa a kan maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Saura abu guda. Bayan an buɗe gida da wata uku da rabi, na ɗauki jakar Malam Iro da carbinsa da agogonsa, na hau mota zuwa Ngawundere. Ban taɓa yin tafiya mai nisa haka ni kaɗai ba. Na yi ta tambaya har na sami gidan. Matarsa, Inna Hauwa, ta fita takaba ke nan ko tana gab da fita, siririya, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na ajiye kayan a gabanta. A mota na shirya maganganu masu laushi, cewa bai sha wahala ba, cewa an yi iya ƙoƙari. Da na ga ta ɗauki carbin ta riƙe, sai duk suka gudu. Na gaya mata komai: masan, ruwan saman, tukunyar da nake dafa wa 'ya'yana, da kwanon da na miƙa masa da hannuna ina sane.

Na zauna ina jiran ta zage ni, ko ta ce in tashi in bar mata gida, kuma da ta yi haka da ban ga laifinta ba.

"Shekara ashirin yana sauka a gidanku," in ji ta. "Mazan duk ta bakin direba suka aiko da gaisuwa. Ke kaɗai kika zo."

Sannan ta tambaye ni:

"Rijiyar fa?"

"Na rufe ta, Inna. Da siminti."

"An ji daɗin haka?"

"Ba a ji ba."

Ta gyaɗa kai, ta ja tiren shinkafar ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ki bar ta a rufe."